Keken Koyon Tafiya: Yaushe Za a Saka Jariri, Kuma Ya Ma Dace a Saka Shi?

A wata nawa ya kamata a fara saka jariri a keken koyon tafiya? Tambaya ce da ba ta ƙarewa a bakin iyaye, musamman masu haihuwar fari. Wannan ta ce da zarar wuyan yaro ya tsaya shi ke nan, waccan ta ce a bari sai ya iya zama, wani kuma ya ɗauko kwalin keken ya nuna inda aka rubuta wata shida. Ana cikin haka sai a ji cewa akwai ƙasar da ta haramta sayar da keken baki ɗaya, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi shekaru tana kiran a yi haka a can ma. Daga nan sai magana ta rabu gida biyu. Wasu su ce tsoron banza ne, ai ga 'ya'yansu nan duk sun hau, kuma lafiya ƙalau suke. Wasu su tsorata har su fara zargin kansu a kan yaron da ya riga ya wuce wurin.

Kafin a kai ga zancen watanni, akwai tambayar da ake tsallakewa: me keken yake yi wa yaro, kuma me muke zaton yana yi masa?

Wane keke ake nufi?

Abubuwa uku ake haɗawa a suna ɗaya, alhali haɗarinsu ya sha bamban. Na farko shi ne wanda ake jayayya a kansa: zagayayyen keke mai kujerar yadi a tsakiya, da ramuka biyu inda ake zura ƙafafun yaro, da faffaɗan faranti a gabansa mai kayan wasa da kiɗa, sannan ƙananan tayoyi a ƙasa. Yaro na zaune a ciki, yatsunsa na taɓa ƙasa, da ya tura sai keken ya gangara da shi. Na biyu shi ne na turawa, wanda yaro ke tsayawa a bayansa da ƙafafunsa, ya kama mariƙi ya tura gaba. Na uku kujerar wasa ce mai kama da na farkon, sai dai ba ta da taya. Tana juyawa ko ta yi ɗan lilo a wuri ɗaya.

Gargaɗin likitoci da haramcin da aka yi duk a kan na farkon suke. Shi kansa tsohon abu ne, domin zane-zanen Turai na ƙarni na 15 sun nuna yara a cikin irinsa na katako. Na yanzu dai ya fi rashin nauyi, tayoyinsa sun fi sulɓi, ga shi kuma a kan daɓe mai santsi ake ɗora shi.

Yadda tafiya ke zuwa wa yaro

Ƙarfin jariri daga sama yake saukowa. Wuya ne ke fara tsayawa, sai kafaɗu da baya, sai ciki da ƙugu, ƙafafu su zo a ƙarshe. Jaririn da aka kwantar rubda ciki yana ɗaga kai yana dogara hannu, aikin tafiya ya fara tun ba a lura ba. Haka juyawa, haka zama, haka rarrafe, haka ranar da zai kama gefen kujera ya miƙe, ya zauna daɓas, ya sake miƙewa. Wannan faɗuwar ma tana cikin karatun. Duk lokacin da jikinsa ya karkata, ƙwaƙwalwa tana karɓar saƙo daga ido, da cikin kunne inda ake jin daidaiton jiki, da tafin ƙafa da gaɓɓai, sai ta gyara. Da yawan maimaici take gane yadda za ta ɗora nauyin jiki duka a kan ƙafa ɗaya ta ɗaga ɗayar ba tare da an kife ba. Wannan ɗan lokacin da yaro yake tsaye a ƙafa ɗaya, babu abin da ke riƙe da shi, shi ne mafi wuya a tafiya, kuma babu wanda zai koya masa sai jikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, wato Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Abin da aka gani ya kamata ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Zama ba tare da jingina ba yana zuwa tsakanin kusan wata 4 da wata 9. Rarrafe tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi. Tsayuwa ba tare da dafa komai ba tsakanin wata 7 da wata 17. Tafiya kuwa tsakanin wata 8 da kusan wata 18, matsakaici wajen wata 12. An kuma sami kimanin yara huɗu cikin ɗari da ba su yi rarrafe ba sam, suka wuce kai tsaye zuwa tsayuwa da tafiya.

A dubi faɗin wannan tazara da kyau. Tsakanin yaron da ya taka a wata 9 da wanda ya taka a wata 16 akwai wata bakwai cur, kuma duka biyun lafiyarsu lau. Amma uwar na biyun ta san irin maganganun da take sha a cikin waɗannan watanni: "Har yanzu bai fara tatata ba?" "Ai sa'ansa tuni yake gudu." "Ki saya masa keke mana, nawa ce da shi." Da yawa daga cikin kekunan da ke gidaje, irin wannan maganar ce ta sayo su.

Shin keken yana sa saurin tafiya?

A'a. Binciken masana bai nuna cewa yana gaggauta tafiya ba, muhawarar da ke tsakaninsu ita ce ko yana jinkirta ta, kuma da yaya.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya kalli yaro a cikin keken. Kujerar ce ke ɗauke da nauyinsa. Ƙugunsa a zaune yake, jikinsa ya rinjaya gaba, yana tura ƙasa da kan yatsu, sau da yawa da ƙafafu biyu a lokaci guda. Idan ya karkata, keken ya tare shi, don haka ƙwaƙwalwa ba ta sami kuskuren da za ta gyara ba. Farantin da ke gabansa ya rufe masa ƙafafunsa, ba ya ganin abin da suke yi. Yana motsi daga ɗaki zuwa ɗaki, gaskiya ne, kuma wannan ne ke ruɗin ido har a ce ya kusa tafiya. Amma tsayuwa a ƙafa ɗaya, wadda ita ce wuyar aikin, bai gwada ta ko sau ɗaya ba. Sannan duk sa'ar da ya yi a cikin keken, sa'a ce da aka cire daga lokacin rarrafe da kama kujera.

A 2002 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani bincike da masana daga Dublin ta ƙasar Ireland suka yi a kan yara 190, waɗanda 102 daga cikinsu sun yi amfani da keken. Masu binciken sun lissafa cewa duk jimillar sa'o'i 24 da yaro ya yi a ciki tana tafiya tare da jinkirin kwana uku da ɗoriya wajen fara tafiya, da kusan kwana huɗu wajen tsayuwa shi kaɗai. Kafin wannan, a 1999, wasu masu bincike biyu a Amurka, Siegel da Burton, sun duba jarirai 109, suka ga masu hawa keken sun yi zama da rarrafe da tafiya a makare idan aka kwatanta da waɗanda ba su hau ba. A irin wannan wuri ne ake cewa sauri ya haifi nawa.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai binciken da bai ga wani bambanci ba a lokacin fara tafiya, ciki har da wanda aka yi da tagwaye, aka saka ɗaya a keke aka bar ɗaya. Kuma binciken Dublin ya nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai. Yana yiwuwa wasu iyayen sun fi yawan saka yaro a keken ne saboda sun riga sun ga yana nawa. Jinkirin da aka gani ma na kwanaki ne ko 'yan makonni, yaran duk sun yi tafiya daga baya. Saboda haka uwar da ɗanta ya riga ya hau keken, yanzu yana gudu a ƙafarsa, ba ta da abin zargin kanta.

Sai zancen da ake yawan yi cewa keken yana sa ƙafar yaro ta yi baka. Wannan ba shi da hujja mai ƙarfi. Yawancin jarirai da ɗan lanƙwasar ƙafa ake haihuwarsu, kuma takan miƙe da kanta wajen shekara biyu. Bakan da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko wanda ya fi yawa a ƙafa ɗaya, yana iya zama alamar laushin ƙashi saboda ƙarancin bitamin D ko sinadarin kalsiyam, ko wata matsala a ƙashin ƙwauri, kuma wannan aikin likita ne. Abin da aka fi danganta wa keken shi ne saba wa yaro taka kan yatsu maimakon ya shimfiɗa tafin ƙafa, kuma hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ambaci haka a gargaɗinta.

Da a ce matsalar ta tsaya a nan, da an ce abin wasa ne marar amfani, a wuce. Abin da ya sa likitocin yara suka dage shi ne raunukan da suke gani.

Inda haɗarin yake

Keken yana ba wa jariri abubuwa biyu da bai kai lokacinsu ba: gudu da tsawo.

A fara da gudu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce jariri a cikin keken yana iya cin fiye da ƙafa uku, wato kusan mita ɗaya, a daƙiƙa ɗaya. Ɗaki mai faɗin mita huɗu, cikin daƙiƙa huɗu ko biyar ya ƙure shi. Yaron da ke rarrafe yana isa bakin matakala a hankali, hannunsa ne ke fara jin inda ƙasa ta ƙare, kuma mai kula da shi yana da lokacin tasowa. Na cikin keke da gudu yake isa, kuma idan ya faɗa, tare da keken zai faɗa, ƙafafunsa a cikin kujera, ba shi da halin kare kansa. Kan jariri yana da girma da nauyi idan aka gwada da sauran jikinsa, don haka shi ne ke fara isa ƙasa. Abin ya yi kama da a miƙa tuƙi ga wanda bai san akwai birki ba.

A 2018 mujallar Pediatrics ta buga nazarin da masu bincike na asibitin yara na Nationwide da ke Columbus a jihar Ohio suka yi. Sun ƙiyasta cewa daga 1990 zuwa 2014, yara 'yan ƙasa da wata 15 fiye da 230,000 aka kai sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin da ya shafi keken. Kusan kashi 74 cikin ɗari faɗowa suka yi daga matakala. Fiye da kashi 90 cikin ɗari a kai ko wuya suka ji rauni. Daga cikin waɗanda aka ba gado, fiye da kashi ɗaya cikin uku ƙoƙon kansu ne ya tsage. Waɗannan jarirai ne da galibinsu ba su cika shekara ba.

Wani zai ce gidansa ba bene ba ne, wannan bai shafe shi ba. Rashin matakala yana rage haɗari sosai, wannan gaskiya ne. Amma taki ɗaya tsakanin ɗaki da baranda, ko dokin ƙofa, ko gefen kafet da ya naɗe, ko wayar wuta da ke kwance a ƙasa, kowannensu ya isa ya tare taya ɗaya keken ya kife. Sannan akwai abu na biyu, wanda babu ruwansa da bene.

Tsawo. Jaririn da ke ƙasa, hannunsa bai wuce abin da ke ƙasa ba. Keken ya ɗaga shi tsaye, ya kuma kai shi inda yake so. Yanzu yana kai wa ga gefen teburi, ga mayafin teburin da aka ɗora kofin shayi a kai, ga igiyar butar lantarki, ga wayar dutsen guga, ga mariƙin tukunya, ga maganin da aka ajiye "sama kaɗan", ga kwalbar sinadarin wanki. Kuma irin ƙunar da ke faruwa a nan muguwa ce, domin abin daga sama yake zubowa, a fuska da ƙirji, yaron kuma yana maƙale a kujerar da ke riƙe ruwan zafin a jikinsa. Fatar jariri ta fi ta babba sirantaka nesa ba kusa ba; zafin da zai sa babba ya janye hannu kawai, shi zai iya saluɓe masa fata. Haka ruwa: bokiti, baho, bakin wurin ninƙaya. Idan keken ya kai shi ya kifa kai a ciki, ruwa kaɗan ya isa, kuma nutsewar jariri ba ta da ƙara.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ai ina wurin, idona na kansa." Ban raina wannan magana ba, domin da gaske ake faɗarta. Sai dai abin da likitocin yara suka tattara ya nuna cewa yawancin raunukan suna faruwa ne babba yana wurin. Ba sakaci ne ya jawo ba, lissafin lokaci ne. Juyawa a ɗauki waya, ko a amsa sallama, ko a sauke abu daga wuta, ya fi daƙiƙa huɗu. Ko ido yana kan yaron ma, mai zaune a ɗaya gefen ɗakin ba zai riga keken isa ƙofa ba. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: dalilin saka yaro a keken tun farko shi ne hannu ya sami sarari a yi wani aiki. Wato an saka shi ne daidai lokacin da hankali zai rabu biyu.

Hanyoyi biyu da ƙasashe suka bi

Kanada ta zaɓi haramci. Tun 1989 manyan 'yan kasuwar ƙasar suka daina sayar da shi bisa yarjejeniyar son rai, amma ya ci gaba da shigowa ta wasu hanyoyi, yara kuma suka ci gaba da jin rauni. A watan Afrilu na 2004 gwamnati ta haramta shigo da shi, da tallarsa, da sayar da shi, har da na hannu. Ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka.

Amurka da Tarayyar Turai sun zaɓi gyaran ƙira. Daga 1997 ƙa'idar masana'antu a Amurka ta buƙaci keken ya fi ƙofa mai faɗin inci 36 faɗi, don kada ya iya wucewa, ko kuma a sa masa robar birki a ƙasa wadda za ta kama daɓe idan taya ta zarce bakin matakala. A 2010 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta mayar da wannan ƙa'ida dole, ta ƙara mata tsauri. Turai ma tana da tata ƙa'idar mai lamba EN 1273. Kuma gyaran ya yi tasiri: a Amurka, daga raunuka fiye da 20,000 a 1990, adadin ya sauko zuwa kimanin 2,000 a 2014. Fitowar kujerar wasa marar taya a tsakiyar shekarun 1990 ita ma ta taimaka, domin iyaye da yawa sun koma gare ta.

Masu goyon bayan gyara suna nuna wannan raguwa su ce ga shi, ba sai an haramta ba. Masu neman haramci su ce jarirai dubu biyu a shekara ba ƙaramin abu ba ne a kan kayan da ba ya ƙara wa yaro komai, kuma birkin matakala ba ya hana hannu kai wa ga ruwan zafi. A ganina hujjarsu ta fi nauyi. Muna karɓar haɗari a abubuwa da yawa saboda amfanin da ke cikinsu. A nan, idan aka duba ɓangaren amfani ga jikin yaro, ba a samun abin ɗorawa a kan sikeli. Ga kuma gaskiyar cewa ƙa'idar ƙira tana aiki ne a inda ake bincikar kaya. Tsohon keken da ya yi yawo hannu zuwa hannu, ko wanda aka ƙera ba tare da bin wata ƙa'ida ba, ba lallai ne yana da birkin ba, ko kuma robar ta cinye.

Abin da iyaye ke nema a gaskiya

Ba daidai ba ne a yi wannan magana kamar iyaye ba su da dalili. Jariri ɗan wata bakwai ko takwas yana son motsi, yana son ya ga komai, ba ya son a ajiye shi. Mai kula da shi kuma tana da girki da wanki da sauran yara, wata ma tana da aikin da take ci da shi. Keken yana sa shi shiru, yana dariya, yana bin mutane. Wanda zai ce a jefar da shi, dole ya faɗi me za a sa a gurbinsa, in ba haka ba maganarsa ba za ta wuce kunne ba.

Mafi alheri ga yaro shi ne ƙasa: shimfiɗa mai tsabta, a kewaye wurin ko a rufe ƙofa, a kwashe ƙananan abubuwan da zai iya haɗiyewa, a zuba masa 'yan kayan wasa, wasu kusa wasu ɗan nesa don ya miƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ba da shawarar jaririn da bai fara motsi ba ya sami aƙalla minti 30 na kwanciya rubda ciki a yini, a rarrabe, yana farke kuma ana kallonsa. Barci kam a rigingine ake kwantar da shi. Lokacin da hannu ke kan wuta ko ruwan zafi, ɗan shingen wasa ko gadonsa mai katanga ko kujerar cin abinci mai ɗamara sun fi aminci, domin inda aka ajiye shi nan za a same shi. Kujerar wasa marar taya ita ma tana ba shi tsayuwar da yake so ba tare da gudun ba, amma na ɗan lokaci, tunda ita ma riƙe shi take yi.

Keken turawa kuwa lokacinsa yana zuwa bayan yaro ya fara miƙewa da kansa yana bin gefen kujeru. A nan shi ke ɗauke da nauyinsa, yana ganin ƙafafunsa, idan ya gaji ya zauna. A zaɓi mai faɗin gindi da ɗan nauyi, wanda ba zai sulale ya bar shi a ƙasa ba, kuma shi ma nesa da matakala. A cikin gida, in daɓen yana da tsabta babu abin sukar ƙafa, barin yaro ba takalmi ya fi taimaka masa ya ji ƙasa.

To, yaushe?

Babu watan da yaro yake bukatar keken zama mai taya. Kafin ya iya zama da kansa, bayansa da wuyansa ba su kai ba, zai langaɓe ne a cikin kujerar. Bayan ya iya zama, lokacin rarrafe da miƙewa ne, waɗanda keken ke cinye wa lokaci. Da ya fara tafiya kuma, ya yi ƙarfin da zai iya kifar da shi ko ya yi ƙoƙarin haurowa. Wata shida da ake rubutawa a kwali yana nufin lokacin da jikin yaro zai iya zama a ciki, ba shawarar likita ba ce cewa ya kamata ya shiga.

Duk da haka, na san akwai gidajen da za a ci gaba da amfani da shi, ko don kyauta aka kawo, ko don wani babba a gidan ya dage. Idan haka ne, a rage haɗarin iya iyawa. Kada a saka yaron da bai iya zama daram ba tare da jingina ba. A daidaita tsawon kujerar yadda tafin ƙafarsa zai shimfiɗu a ƙasa, ba kan yatsu kaɗai ba. NHS ta ce kada ya wuce minti 20 a lokaci guda. A zaɓi ɗaki ɗaya mai shimfiɗaɗɗen daɓe, ƙofa a rufe ruf, ba a kara ba; babu matakala, babu wuta, babu ruwa, babu waya mai lilo. Ɗakin girki da banɗaki haramun ne gare shi. Babba ya kasance inda hannunsa zai kai, ba yaro ɗan shekara biyar ko shida ba, wanda shi kansa zai so ya tura keken don wasa. Kada a ɗaga keken yaro yana ciki. Ranar da ya fara takawa da kansa, a ɗauke.

Akwai yaran da bai kamata su shiga ba ko na minti ɗaya sai da izinin likita: bakwaini, da yaron da jikinsa ke sanƙarewa ko yake saki fiye da kima, da wanda aka ce yana da matsalar ƙugu, da duk wanda ake bibiyar girmansa a asibiti. Abin tausayi shi ne su ne aka fi saya wa, da fatan zai taimaka. Abin koyon tafiyar da likitan fisiyo, wato likitan motsa gaɓɓai, ke auna wa yaro mai lalura wani abu ne dabam, an ƙera shi ne daidai jikinsa da bukatarsa.

Idan tafiya ta yi jinkiri, ko hatsari ya faru

Yaron da ya kai wata 9 bai iya zama shi kaɗai ba, ko ya kai wata 18 bai yi tafiya ba, a kai shi a duba. Haka wanda ke amfani da gefe ɗaya na jikinsa ya bar ɗayan, ko ƙafafunsa ke harɗewa idan an tsayar da shi, ko wanda ya iya wani abu sannan ya daina. Ga bakwaini, ana lissafin watanninsa ne daga ranar da ya kamata a haife shi, har wajen shekara biyu. Sau da yawa za a duba a ce lafiya lau, lokacinsa ne bai yi ba. Idan kuma akwai matsala, gano ta da wuri yana ba da damar taimako, abin da watannin zama a keke za su jinkirta.

Idan ya faɗo ya bugu a kai, a garzaya asibiti in ya suma ko na ɗan lokaci, ko yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa sosai, ko ya yi jijjiga, ko maɗigarsa ta kumbura, ko wani kumburi mai laushi ya fito a kansa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci. Jaririn da ya gangaro daga matakala a cikin keke, a kai shi a duba ko da ya yi shiru ya koma wasa. Idan ƙuna ce, a fitar da shi daga kujerar nan take, a cire tufafin da suka jiƙe muddin ba su manne da fata ba, a riƙa zuba ruwa mai ɗan sanyi a wurin na minti 20, sauran jikinsa kuma a lulluɓe don kada sanyi ya kama shi. Ban da ƙanƙara, ban da mai, ban da man goge baki. Daga nan sai asibiti.

Wanda kuma ya yanke shawarar rabuwa da keken da ke gidansa, kada ya miƙa wa 'yar'uwa ko maƙwabciya mai jariri. Shawarar hukumar lafiya ta Kanada ita ce a lalata shi yadda ba zai sake amfani ba kafin a jefar: a ciccire tayoyin, a yanke yadin kujerar.